Zobe a Faranti

Ƙarfe shida na safe a Samaru
na buɗe na'urar ɗumi da bismilla,
kamar mai duba tuwon da ya kwana.
Faranti goma sha biyu.
Ƙwayoyin cutar da muka lakato daga ƙafar Sallau mai faci
sun yi toho cikin dare, sun shimfiɗu fari fat.

Wata uku ke nan Sallau na kwance a Shika.
Ƙusa ce fa, 'yar ƙaramar ƙusa.
Ya sayi kafso ja-da-rawaya a kemis ɗin Tudun Wada,
ya sha huɗu, zugi ya lafa, ya adana sauran don gaba.
Waɗanda ba su mutu ba suka tashi da wayo.
Allura iri bakwai ta shiga ta fita,
cutar na yi wa kowacce kallon hadarin kaji.

Ran Lahadi na bi ta Ƙofar Gayan
zuwa zauren Iya Tabawa, ƙanwar kakata,
wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa
amma ta san ɗacin kowane ɓawo da idonta a rufe.
Ta dubi farar rigata, ta yi dariya har da tari:
"Sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada kuka tuna da daji?"
Ta ƙulle min sassaƙen marke, 'ya'yan bagaruwa,
sabara, da kalgo kaɗan.
"In za ka sassaƙa, gefe guda.
Wanda ya zagaye itace da wuƙa ya ci na jikokinsa."

Na shanya a inuwa, na daka, na jiƙa, na tace,
na ɗiga a kan 'yan takardu masu faɗin ƙwayar wake.

Kalgo bai ce uffan ba.
Sabara ta ɗan taɓuka.
A faranti na takwas kuwa, inda bagaruwa ta zauna,
fili ne tas, zobe guda,
cutar ta ja da baya ta yi cirko-cirko a bakin iyaka.
Na ɗora ma'auni hannuna na rawa:
milimita goma sha shida.
Na sake aunawa. Sha shida.

Ban yi guɗa ba.
Faranti ba ƙafa ba ne.
Da sauran tambayar hanta, da sauran ta ƙoda,
sauran awo, sauran ɓeraye, sauran shekaru,
Sallau kuwa jibi likita zai yanke shawara.

Na kira Iya a wayar maƙwabcinta.
Ta ce, "Na san tana yi tun kafin a haifi ubanka.
Abin da ban sani ba, nawa ne ya isa, nawa ne ya yi yawa.
Wannan kai za ka gaya min.
Kuma ka hanzarta, ɗan nan.
Bagaruwar da nake tsinka a bakin Kubanni,
masu gawayi sun riga sun yi mata alama."