Jan Akwatin Endel

Ƙarfe huɗu a Tartu, har duhu ya sauka,
kogin Emajõgi ya daskare gaɓa da gaɓa,
ni kuwa ina gaban kwamfutarka, Endel,
da shayin da ya huce tun ɗazu.

Na danna alamar manhajar kiɗa.
Kibiyar allo ta yi 'yar kewayawa, sai tsit.
Na sake dannawa, da ƙarfi wannan karon,
kamar yatsa ne zai tashe ta daga barci.
Taga ta leƙo fara fat, ta noƙe
kafin in kama ko harafi ɗaya.

Kai ka ɗora wa injin nan Linux.
Ka ce ba ka zama a gidan da aka hana ka makullinsa.
To ga makullan, tuli guda,
ban san wanne ne na wace ƙofa ba.

Na kashe, na kunna.
Na zare wayar lasifika, na hure bakinta, na mayar.
Na sabunta komai da komai,
minti arba'in ina kallon lambobi suna tsere
har dankalin da na ɗora ya kama.

Da tara na kira Liisbet a Tallinn.
Tana taunar wani abu, ina jin ƙaras-ƙaras.
"Kaka, buɗe baƙar tagar nan, ki rubuta sunanta.
In ta alama kika kira ta, faɗuwa take ba ta cewa uffan.
Ta nan kuwa sai ta faɗi abin da ke cin ta."

Na rubuta da yatsa ɗaya.
Layuka suka zubo, fari a kan baƙi,
ina karanto mata kamar 'yar aji ɗaya.
Laburare kaza, yana nan.
Izini, akwai.
"Ƙasa, Kaka, na can ƙasa."
Na ƙasan ya ce ba a sami na'urar sauti ba,
har ya ambaci sunanta.

Na san ta.
Jan akwatin nan mai maɓalli biyu
da kake jona kannel ɗinka a jikinsa,
wanda na ba wa yaron mawaƙan coci a Nuwamba,
ranar da na kwashe rigunanka.

Liisbet ta daina tauna.

Ashe duk safiya da na danna,
zuwa take ta ƙwanƙwasa inda ka saba ajiye shi,
ta tarar da wayam,
ta juya ba tare da ta gaishe ni ba.
Ban ga laifinta ba.
Ni ma kofi biyu nake saukewa har gobe.

"Akwai ɓoyayyen fayil, da ɗigo sunansa ya fara.
A nan take rubuta abin da ta saba.
Goge shi, za ta yi sabo."

Na same shi. Sha tara ga Satumba,
ɗaya saura kwata na dare,
daren da na leƙo na ce zo ka kwanta,
ka ce saura baiti ɗaya.

Na ce, ba a iya sauya masa suna kawai?
Ta ce ana iyawa.
Na liƙa masa kalma a wutsiya, vana,
yadda muke ce wa tsoho.

Na danna.
Ta buɗe, kamar ba ita ba,
tana tambayata da ladabi ta ina nake son ji.
Layi sha ɗaya, kore shar, suna jira.

Tari ne ya fara fitowa.
Sai kukan kujerar nan da ka ƙi gyarawa.
Sannan tsirkiya, ɗaya, biyu, ta cika ɗakin
har wajen takalmanka na dusar ƙanƙara.
A minti na biyu ka yi kuskure,
ka yi tsaki, ka ce, "A'a, daga farko."

"Ta yi, Kaka?"
Na kara mata wayar a lasifika.
Gidan duk ƙaurin dankali.