Abin da ke Gefen Hoto

Ran Asabar, in an sallame la'asar,
a tsohon shagona, bayan tashar jirgin Ƙaura,
inda dogo ya zo ya tsaya bai ƙara taku ba,
mukan ja benci uku, mu sāya taga,
mu jingina farin allo da bango.
Mu tara ne in an cika. Yau bakwai.

Shekara talatin da ɗaya ina ɗaukar fasfo:
ɗaga haɓa, rufe baki, kunne biyu su fito.
Shi ya sa suka ba ni kujera mai hannu,
suka ce bakina ne ma'auni.

Atto ya fara, da faɗuwar rana a gulbin Gagare.
Na ce, ranarka ta yi kyau, ba kai ka yi ta ba.
Gulbinka kuwa ya karkace,
ka tallabe shi kafin ruwan ya zube ta hagu.
Aka yi dariya. Shi ma ya yi, daga baya.

Luba, mai aikin jinya, ta kawo mai tattasai.
Na ce, kin tsaya mata nesa kamar tana bin ki bashi,
ga falwaya ta tsiro a tsakar kanta.
Matsa kusa. Gaishe ta. Tayi ma ki yi.
Ta rubuta a bayan katin asibiti, ba ta ɗago ba.

Sai Sahabi mai faci,
da wayarsa mai tsagaggen gilashi,
da baƙin roba a ƙarƙashin farce.
Hoton tasha ne, wayam,
ciyawa ta cinye dogo, akuya kwance a inuwar tanki,
can a gefen dama, dishi-dishi,
wani hannu ya kutso, riƙe da tsumma.

Na ɗora takarda na rufe gefen.
Na ce, kun gani? Yanzu ya zama hoto.
Yanke wannan, tsautsayi ne.
Kawuna shida suka gyaɗa.

Sahabi ya daɗe yana murza hularsa.
Ya ce, Baba, wanga hannu shi na ɗauka,
tashar ce ta shigo.

Hannun Maidamma ne, tsohon mai tuta.
Har yau yakan fito in lokacin jirgi ya yi,
ya tsaya inda ya saba tsayawa.
Ya ce fuskarsa ba ta hoto ba ce yanzu.
Mako uku Sahabi na kai masa goro
kafin ya yarda da hannu kaɗai.
Tsumman, da can kore ne.

Na janye takardata.
Fanka na juyi, ba wanda ya yi tari.

Na san Maidamma.
Ni na yi masa fasfon katin aiki,
ya shigo da tutar nan sabuwa ful,
yana son ta fito.
Na ce masa, sauke hannu, malam,
gwamnati kai take so.

Duk da haka na faɗi abin da ke bakina,
don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba:
hoton ya yi duhu, Sahabi.
Koma da hantsi, rana na bayanka,
ka dafe gwiwar hannu a ƙirji, ka riƙe numfashi.
Amma kar ka yanke komai.

Da suka watse na jawo gwangwanin madara
inda nake tara fasfon da ba a dawo karɓa ba.
Na zazzage su a kan tebur.
Ɗaruruwan kawuna, kowa da kunnensa biyu,
kowa na kallona sak, yadda na umarta,
duk na datse su daidai kafaɗa.

Har aka kira magariba ina juya su,
ban san me ko ɗayansu ke riƙe da shi ba.