Autan Haƙora

Ina da ashirin da shida ya iso,
ba aike, ba sallama,
can ƙuryar baki, inda aswaki ke gajiya ya juyo.
Yayyensa sun daɗe da raba gida,
kowa da tabarmarsa.
Da ya tarar ba wuri sai ya kwanta a karkace,
ya ɗora kai bisa ƙirjin maƙwabci.

Da fari na ɗora wa rake laifi,
wanda na sha a bakin tasha ranar Juma'a.
Tsahara ta daka kanumfari na cusa,
na kurkure da ruwan gishiri, na koma kan kekena.
Ya yi shiru wata biyu,
irin shirun mai bin bashi da ya san ƙofar gidanka.
Ya dawo, ya tafi.

Ana saura kwana goma sha biyu Salla,
shaddojin mutane jibge a shagona na Bagalam,
kunci ya tashi kamar ƙullun fanke da ya kwana.
Baki ya ƙi buɗuwa fiye da yatsa guda.
Ciwo ya bi muƙamuƙi, ya shiga kunne, ya kafa maƙera.
Zazzaɓi. Wani ɗoyi da ni kaina nake ji.
Tuwo na gabana ina kallonsa kamar rabon wani.

Illo wanzami ya leƙa da tocila,
ya mayar da awartakinsa cikin zabira.
"Nomau, wannan ba a tsaye yake ba.
Abin da ban ga wuyansa ba, ba ni kama shi."

Na hau kabu-kabu.
Duk ramin da ke hanyar likita
cikin haƙorin nan muka faɗa.

Madam Barira ta ɗaga hoton bakina ga fitila,
na ga kaina ina dariya ba nama.
"Kumburi na nawa ke nan?"
Na ɗaga yatsu uku.
Ta ce, "Dubi na sama: ya fito sak,
buroshi na kai gare shi, bai tsokani kowa ba.
Wannan mu bar shi ya tsufa tare da kai,
ba kowanne ake cirewa ba.
Na ƙasa kuwa, rabi waje, rabi cikin dasashi,
nama ya yi masa hula.
Ƙarƙashin hular nan abinci ke kwana,
nan ruɓa ke tara iyali.
Ga shi har ya fara huda na kusa da shi.
In muka bar shi, biyu za ka rasa,
kumburin kuma ya san hanyar wuya."

Kwana biyar ina haɗiyar ƙwayoyi har kunci ya saɓe.
Rana ta shida, allura,
leɓena ya zama na wani mutum.
Ban ji zafi ba, sai turi, sai ja,
sai ƙara kamar an ɓare goro a tsakar kaina.
Ta ce in cije auduga,
kada in tsotsa, kada in kurkure yau,
in sha kunu bayan ya huce.
Rigar Alhaji Gonda ba ta samu aikin wuya ba sai bayan Salla,
har yau yana gaishe ni da hannu ɗaya.

Wai haƙorin hankali ake ce masa.
Nawa hankalin a kwance ya zo,
sai da aka biya jikkuna kafin a raba ni da shi.

Ta ba ni shi cikin takarda, saiwarsa a lanƙwashe kamar ƙugiya.
Muna yara, in haƙori ya faɗi, inna kan ce
jefa shi bisa soro, ka rufe bakinka,
in ƙadangare ya ga giɓin ba ya sake tsirowa.

Jiya da la'asar, bayan shago,
wani jan-gwada na bisa katanga yana gyaɗa kai.
Na matsa kusa,
na buɗe baki iyakar yadda zaren ɗinki ya bari,
na nuna masa da yatsa.
Na ce, duba da kyau.