Mai Riƙon Igiya

Tun asuba na leƙa sama.
Dutsen Pico ya tuɓe hularsa ta gajimare,
ruwan tashar Horta ya kwanta kamar mai a faranti.
Na ce da Ilda, yau ce ranar,
in muka bari iska ta farka, sai wani makon.

Fitilar kan dirka ta mutu tun daren Talata,
'yar wilin da igiyar filafili ke bi
tana kuka duk sa'ad da aka ja,
kukan ƙyauren da aka daɗe ba a ba shi mai ba.
Ƙafa hamsin ce daga nan zuwa can.
Na san su ɗaya bayan ɗaya,
ƙuguna na hagu ya fi ni saninsu.

Na bi igiya da tafin hannu, kamu bayan kamu,
don ido kan yi wa mutum kara, fata ba ta yi:
nan rana ta ci, nan gishiri ya lasa,
nan zare bai tashi ba tukuna.
Ta yi. Na kwance ta biyu.
Igiya ɗaya alkawari ce kawai,
ta biyun ita ce shaida.

"Baba, ga ƙugiya, ta fi sauri."
Na ce ajiye ta, ki ƙulla.
Ƙugiya ce ta buɗe baki shekara goma sha tara baya
ta tofar da ni kan katako kamar ƙwallon zaitun.
Ƙulli ba ya hamma.
Ta ƙulla, na duba, ta duba abin da na duba.

Sifana da zarenta, sukundireba da nasa,
ƙwan fitila cikin safa, safa cikin jaka.
Ta zauna a kujerar tamfol, ta ja ɗamara,
na ɗaga ta taku ɗaya kacal
ta yi tsalle, ta yi lilo, ta saki nauyinta duka.
In abu zai tsinke, ya tsinke a nan,
inda faɗuwa abin dariya ce.

Naɗi uku a kan ganga.
Teodoro maƙwabci ya riƙe ta biyun,
na hana shi sigari, na hana shi labarin kifinsa.
Muka ja.
Tafin takalminta ya wuce kaina,
ya wuce sandar gicciye,
ta koma kamar tsuntsu a kan tsinke.
Yarinyar da na taɓa ɗauka da hannu guda
yau nauyinta duka yana cikin yatsuna takwas.

Sai jirgin fito na Madalena ya fita da gaggawarsa.
Abin da ya zo mana nan ƙasa ɗan rausaya ne,
ko kofi bai zube ba.
Can sama kuwa dirka ta rubuta baka a sararin Allah,
hagu, dama, hagu.
Na ga ta rungume ƙarfe da cinyoyi.
Sifana ta kuɓuce, ta taho,
ta tsaya cak a bakin zarenta tana rawa.
Ban yi ihu ba. Mai riƙon igiya ba ya ihu.
Harshena dai na cije har na ji gishiri.

"Tsaya!" Na tsaya.
"Ƙara kaɗan!" Na ƙara.
Kalma uku muka yarda da su tun a ƙasa,
sauran magana ta jira tukunyar miya.

Saukowa ta fi hawa cin mutum,
nan ne hannu ke murna ya yi sakaci.
Na sassauta a hankali, tafi a kan naɗi,
igiya na wucewa da ɗumi
kamar wadda ba ta son rabuwa da ni.

Da ƙafarta ta taɓa katako
ba ta ce ta ji tsoro ba, ni ma ban tambaya ba.
Ta ce, "Ana ganin rufin gidanmu daga can,
tayil biyu sun zame."
Na ce na sani.
Na buɗe hannu, ya ƙi buɗuwa duka.

Da magariba muka kunna.
Ta kama.
Teodoro ya ci gaba da labarin kifinsa
daga daidai inda na tare shi.