Matar da Ke Gindin Takobi

A rumfar Baba Jatau, can kasuwar Jakande,
inda iskar Lekki ke zuwa da gishiri a baki,
wani ma'aikacin jirgin ruwa ya bar takobi jingina.
Damina uku ke nan, bai waiwayo ba.

Ni aka miƙa wa in goge.
Lemun tsami, toka, tsumman singileti.
Tsatsa ta yi ta zuba kamar busasshen lalle,
sai ga mace a gindin ƙota:
jinjirin wata a goshinta,
kwari a kafaɗa, baka a hannun hagu,
karnuka biyu, da barewa tana waige.

Na ce, Baba, mu a Kazaure wata namiji ne,
Zara ce matarsa, kullum tana gefe.
Wa ya ɗaura masa zane?
Wa ya tura shi farauta?

Ya buɗe adaka ya zaro takarda
mai launin kunun tsamiya.
Ita ce dai, cikin ganyen da ba ya tsiro a ko'ina,
zanen siriri kamar gashin ido.
Ya ce, maƙeran wata ƙasa mai sanyi,
tun kakannin kakanni,
daga irin wannan suke kwafe ta zuwa ƙarfe,
yadda mai ɗinkin hula ke satar zubi da ido.

Na ce, to, ba gunki ba ce?
Ya ce, Tanimu, mu ba bauta mata muke ba,
sayar da ita muke. Goge sosai.

Na goge. Amma abin ya tsaya mini a wuya.
Farin wata sha kallo,
fitilar tatsuniya, mai raka 'yan gaɗa gida,
me ya kai shi jikin abin yanka?
Wanda aka soka, ita ya gani ƙarshe?

Wata hajiya daga Ikoyi ta taya,
bangon falonta ne babu komai.
Baba ya ce albarka.

Da magariba, a danfo, bisa doguwar gada,
cunkoso ya tsayar da mu saitin Makoko.
Hayaƙin kifi, kwale-kwale, baƙin ruwa.
Na ɗaga kai: watan kwana uku,
siriri, wasasshe, kamar laujen babana.

Ashe ba su yi masa ƙage ba.
Dama can da kaifinsa,
mu ne muka tsaya kallon hasken.