Kwalba ta Goma Sha Bakwai

Ranar da Arzika ya faɗi a shataletalen Dandima
buhun albasa biyu ne ɗaure a bayan mashin ɗinsa.
Mutane suka tsince ta kaf, suka kawo mini gida,
ko ɗaya ba ta fashe ba.
Kansa ne ya tsage daga ciki,
inda ido ba ya kaiwa.

A asibiti, can Gawon Nama,
likita Dikko ya jawo benci, takarda a hannunsa.
Ya ce akwai wani sinadari da jikin mace ke dafawa
idan ta ɗauki ciki,
shi ke lallashin mahaifa ta riƙe amanar da aka ba ta.
Ana zaton zai kwantar da kumburin ƙwaƙwalwa.
Zato, ya sake faɗi.
An gwada wa ɓeraye, sun miƙe.
An gwada wa mutane, baki ya rabu biyu.
"Tambaya muke yi, Tumba, ba alkawari ba."

Na dubi cikina, wata shida.
Na ce, to ai ga shi nan ina yawo da shi kyauta,
ku zuƙa ku ba shi.
Bai yi dariya ba. Na gode masa da haka.

Ya ce rabin majinyata za su sami maganin,
rabi kuma farin ruwa mai kama da shi,
ƙuri'a ce ke rabawa,
shi kansa bai san ta wa ce wacce ba.
Na rubuta sunana da ajami.
Hannuna na rawa, wasali ya zame ƙasan layi.

Aka rataya kwalba ta goma sha bakwai.
Kwana uku ina ƙirga ɗigo
kamar mai jan carbin da ba shi da liman.
Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya,
na yi masa fifita da murfin kwano
ina tambayar kowane ɗigo:
kai magani ne, ko ruwa ne kurum?

Rana ta tara ya buɗe ido.
Ya kira ni da sunan yayarsa da ta rasu.
Na amsa.

Yanzu muna gida, Runjin Sambo.
Tsakar bazara, kwalta na narkewa,
shi yana neman bargo.
Ya kan ce wa cokali tsani,
ya fusata, ya fita, ya tsaya bakin ƙofa
ya manta abin da ya fitar da shi.
Mutumin da ke bambanta albasar Goronyo da ta Wurno
ido rufe, da hanci kaɗai,
jiya ya yanka ɗaya, ya kai ta fuska.
Idonsa ya yi ruwa, hancin bai ce komai ba.

Duk wata muna komawa.
A ɗibi jini, a ba shi kalmomi biyar ya riƙe:
raƙumi, allura, gulbi, gishiri, fitila.
A watan farko gulbi kaɗai ya dawo da shi.
Wannan watan ya kawo huɗu,
allura ce ta ɓace masa, kamar yadda ta saba yi wa kowa.
Malamar ta rubuta lamba a littafi.
Na tambaye ta, kwalbar nan, wacce ce?
Ta ce sai baɗin baɗaɗa za a buɗe ambulan.
Wataƙila a ce maganin ya yi.
Wataƙila a ce bai yi ba,
wata matar kuma ta huta da dogon buri.
Ko wanne aka faɗa, da kan Arzika aka auna.

Na haihu ranar Laraba.
Aka naɗe yarinyar, aka miƙa masa.
Ya sunkuya, ya ɗora hancinsa a maɗigarta,
ya daɗe,
har ungozoma ta fara gyaran murya.
Sannan ya ɗago ya ce,
"Tumba, gaya mini ƙamshin mi takai."

Na ce, kamar ƙasa bayan yayyafin farko,
da ɗan madara.
Ya ce, "Ƙara faɗi, a hankali."