Littafin Tsohon Jakada

A Dadin Kowa, daminar bana, rufin ɗakina ya yi yoyo,
na jawo akwatin ƙarfe in shanya takardu.
Ƙarƙashin shaidar karatuna ta likitan dabbobi
sai ga littafinka, Ilarie,
bangonsa ya kumbura kamar gurasa,
asu ya ci sunan maɗaba'a, ya bar naka.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan.
Ina ɗalibi a Rumaniya, ina hayar ɗaki a saman gidanka,
sanyi ya hana ni barci,
kai kuma tari.
Ka hawo da shayi, ka ce in koya maka gaisuwarmu.
Na ce, "Ina gajiya?" na faɗa maka ma'anarta.
Ka yi dariya har tabarau ya zame:
"Ba a taɓa yi wa jakada wannan tambaya ba."

A ƙasashe uku ka zama bakin ƙasarka.
Da rana kana rubuta wasiƙun da ba naka ba,
kana murmushi a liyafa, takalmi na cizon ɗan yatsa.
Da dare ka rataye kwat,
ka rubuta ƙauyenku: uwarka na tatsar tumaki,
amyar zuma, dutsen da ke riƙe gajimare har azahar.
Ka ce alƙalami biyu gare ka,
ɗaya na gwamnati, ɗaya na biyan bashi.

Sai aka bugo waya, magana ɗaya.
Ka dawo gida da akwati huɗu, uku littattafai ne.
Ba su ɗaure ka ba.
Sun dai daina ganinka,
aka zare sunanka daga littafin makaranta
yadda ake zare ƙaya a kifi.
Ka koma fassara takardun injin noma don kuɗin burodi,
ka ce ko a nan akwai baiti, in mutum na da haƙuri.

Yanzu harshenka ya tsere mini.
Ina bin layi da yatsa, ina tsintar kalma ɗaya cikin goma
kamar mai kala bayan an kwashe gyaɗa.
Apă, ruwa. Pâine, burodi. Dor,
wadda ka rantse ba ta fassaruwa.
Na ce muna da ita, kewa ce.
Ka ƙi. Muka yi ta musu har shayi ya huce.

Jikata Dudu ta leƙo: "Kaka, addu'a kake?"
Na ce a'a. Can na ce, to, kusan.

Masunta na dawowa daga dam, ana kiran la'asar.
Na ɗora littafin kan buhun masara, inda rana ke kaiwa,
na danne shi da dutse saboda iska.
Ban san ranar da ka rasu ba,
wasiƙata ta ƙarshe ta dawo da hatimi biyu, ba a buɗe ba.

Ina gajiya, Ilarie?
Amsarta "ba gajiya" ce.
Na manta ban koya maka ba.